Abin da Sanƙira Ya Kawo Mini

Jikata ta ji na ambaci sanƙira, ta tambaye ni ko abinci ne. Ban ga laifinta ba, ta tashi ta tarar da lasifika. A unguwarmu Nima ta zamanin ƙuruciyata, babban malami ba ya ɗaga murya. Yana zaune a kan buzu yana magana ƙasa-ƙasa, wani mutum na tsaye a gefensa yana ɗauka yana jefa wa jama'a da ƙarfi. Wannan na tsayen shi ne sanƙira. Shi ke riƙe wa malam takalmi da buta, kuma mu mata, ta bakinsa tambayarmu ke shiga, ta bakinsa amsa ke fitowa.

Namu wani dogo ne mai fuskar salihai, matarsa ta rasu. Ni dai tun farko bai kwanta mini ba. Daga bayan zana inda muke zama, nakan ga leɓen Malam ya motsa kaɗan, sai sanƙira ya ɗauko zance ya yi ta zuba da Hausa, ya juya da yaren Ga, ya ƙara da na Twi. Ina duk wannan ya fito?

Mijina soja ne, an kwashe su zuwa yaƙi can ƙasar Bama. Yaƙi ya ƙare, abokansa suka dawo, shi shiru. Wani ya ce ya gan shi a asibiti, wani ya ce a bakin kogi aka rabu da shi. Na zauna ina sayar da koko da ƙosai, ban san ko ni matar aure ce ko wadda miji ya mutu ya bari ba. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Na aika tambaya wurin Malam, ta hannun wanda dole a bi. Shi kuwa sanƙira kullum da safe yana gindin tukunyata, ƙwarya guda ta koko sai ya yi mata shan mai ciwon haƙori.

Ya dawo ya ce, “Matar soja, Malam ya ce jira ya isa haka. Ki shiga takaba, in kin fita ba igiyar kowa a kanki kraa, ko ɗaya.”

Na ce, “Baba sanƙira, Malam ne ya ce, ko kai?”

Ya ce, “Ni ba ni da baki nawa.” Amma ƙwaryar yake kallo, ba ni ba.

Na kasa ci, na kasa sukuni. In na yi takaba alhali mijina na da rai, da wane ido zan dube shi ran da ya yi sallama? Sai na yi abin da mata ba sa yi. Na yafa mayafi, na ratsa almajiran zaure, na durƙusa gaban Malam na maimaita tambayata da bakina.

Tsohon ya saurara har na gama. Ya yi magana. Na kasa kunne iyakar iyawata, amma ba haƙori a bakin, muryar ta shige ciki, rabin zancen kuma Larabci ne. Da ya ga ban gane ba, sai ya ɗaga yatsa ya yafito sanƙira.

Sanƙira ya sunkuya, ya miƙe, ya faɗi daidai abin da ya faɗa mini a gindin tukunya. Malam na ta gyaɗa kai, amma shi ko gaisuwa aka yi masa haka yake gyaɗawa.

Na shiga takaba. Ranar da na fita, ban gama shanya wanki ba na ji sallama a ƙofar gida. Sanƙira ne, da sabuwar riga da ƙunshin goro a ganye.

Na amsa sallamar, goron kuwa na ce ya mayar. Daga baya ya auri wata a unguwar Maamobi, mijina kuma bai dawo ba. Har yau ban san maganar wa na bi na zauna takabar nan ba.