Gwajin da Inna Balki ta ɓoye mani

Yau da sahe anka yi mani gaisuwar mutuwar da ban san an yi ba.

Ina zaune ƙofar ɗaki nan Garou ina tace mai, sai ga Mariyama mai suyar kihi ta kawo mani ragowar man suyarta yadda ta saba. Ta aje bido, jarkar man, ta ce, "Samsiya, ya haƙurin Inna Balki?"

Na ce wane haƙuri?

Sai ta kama baki, amma na matsa mata har ta faɗa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna Balki, matar da ta koya mani haɗa sabulu, ta rasu lopital, asibitin Parakou. An kawo ta Malanville, an yi mata sutura tun jiya. Mijina ya tahi jana'iza, ya ce mani albasa ya tahi dubawa kasuwa. Matan ƙungiyarmu ta masu sabulu duka sun sani. Ni kaɗai anka bari kamar wata baƙuwa.

Wallahi raina ya ɓaci. Ina kuka ina hushi, ban san wane ya hi wani ba.

Ranar da na fara zuwa gidanta, da kwalbar man zaitun na tahi, don na ga wani bidiyo a waya. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Madam Zaitun! Wanga mai za ki zuba ma soda? In ya lalace, kukan sabulu za ki yi ko kukan kwalba?" Ta ce mai koyo da mai arha yake gwaji, don hannunshi ya saki.

Ta ja ni kasuwa. Ta nuna mani yadda ake murza mai a tahin hannu a sunsuna, da yadda ake ɗiga shi a wuta a ji ko an haɗa da ruwa. Alayyadi don kumfa. Man ja a dafa shi har jan ya mutu, in ba haka ba ya ɓata ma mutane fararen kaya. Man gurya yana da arha amma ba ya jimiri, kar a yi da yawa. Wanda anka soya kihi da shi kuma, a tace da tsumma, a sa ganyen lemu ya kashe ƙarni, ya isa sabulun wanki.

Haɗina na farko kamar kunu ya hito. Ta ɗauka ta wanke tukwanenta da shi, tana ce ma maƙwabta na ɗiyarta ne.

Ranar da soda ta ƙone ni, ita ta ɗaure mani hannun, tana faɗa tana hura mani.

Ta san ɓarin cikin da na yi ta yi. Shi ya sa da wanga ciki ya zauna ta ce, "Daga yau ƙafarki kar ta taka gidana. Tururin soda ba na mai ciki ba ne." Ta ba ni aiki: in tara kowane mai mai arha da na samu, in tace, in aje. In na sauka lahiya mu gwada su ɗaya-ɗaya.

Na bi maganarta. Ashe tun lokacin babu tukunyar da anka ɗora gidan. Kwance take. Ni kuwa ina nan ina aika mata hoton bido a wasap, tana amsa mani da murya a shaƙe, wai mura ce.

Ganinmu na ƙarshe bakin rumfar masu mai ne, ranar kasuwa. Tana bisa zem, babur ɗin haya, ba ta sauko ba. Na ce, "Inna, kin rame fa."

Ta ce, "Zahi ne, ɗiyata. Gobe ma Parakou za ni, akwai gwajin da za a yi."

Ni kuwa kaina ya cika da sabulu, na ce, "Gwajin wane mai kuma, ba ki gaya mani ba?"

Ta ce, "Wani tsoho ne. An soya, an sake soyawa. Za a duba ko da sauran amfani."

Na yi dariya, jama'a. Dariya na yi! Har na ce in ya yi kyau ta rage mani. Mai zem ya ja, ta ɗaga mani hannu.

Ɗazu na kira Rakiya, babbar ɗiyarta, na zazzage mata abin da ke raina. Ta bari sai da na gama. Ta ce Inna ce ta sa su rantsuwa ɗaya bayan ɗaya, har mijina, kar kowa ya gaya mani sai na haihu. Ta ce saƙo guda ta bar mani: ta san ta yi mani ƙarya, in yahe mata.

Haba Inna. Kin hana ni in jiƙa maki ko fura. Kin hana ni in ce ki yahe mani ni ma. Kin yanke mani hukunci ke kaɗai, yanzu kin bar ni da wannan kalma a baki, kuma ba ki nan balle in yi maki tsiwa.

Na yahe, don ba ni son ki kwana kabari da haƙƙina. Bakina ya faɗa. Zuciyar ce ba ta iso ba tukuna.

Allah Ya jiƙan Inna Balki, Ya yalwata mata makwanci, Ya sa ciwon da ta ɓoye ya zama kankarar zunubi.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a. Ni ma ku sa ni ciki: Allah Ya sauke ni lahiya, don kar ƙaryar da ta yi saboda ni ta tahi banza.