Hamdiya da Na'urar Haihuwar Awaki

Ana ta faɗa a kasuwar Dakoro, har labarin ya kai Azagor, wai Hamdiya ɗiyar kawuna tana da na'urar da ke sa akuya ciki. Wai ta danna alamar ƙari sau biyu, akuya ta durƙusa. Wata tsohuwa ta taho tun daga Bader Goula da juyar akuyarta a amalanke, a shafa mata ordinatar, wato na'urar, a gadon baya. Ƙarya ce, jama'a. Ni ɗan goggonta ne, tare muka tashi. Yarinyar da ko kaza ba ta taɓa rayuwa a hannunta ba!

Ga yadda abin yake. Hamdiya ta yi lakkwal har Maradi, ta koyo informatik, ilimin sarrafa na'ura, ta dawo da tabarau da wani yaren na'ura wai shi C++. Ni a aji biyar na sallami malamai don su huta.

Matan unguwarmu suna habbanaye: a ba mace aron akuya, in ta haihu sau biyu ta riƙe ɗiyan, uwar ta wuce ga ta gaba a layi. Shugabarsu, Inna Uwale, da ƙullin igiya take tuna komai, har ranar da akuya ta cinye igiyar. Sai ta ce Hamdiya ta zuba musu awakin a na'ura.

Hamdiya ta ƙirƙiri wani abu da take kira kilas, ta sa masa suna Akuya, kowace dabba da sunanta da gidan da take. Ta ce min alamar ++ a wurin lamba ƙarin ɗaya ce, amma na'ura ba ta san yadda ake ƙara ɗaya ga akuya ba, sai mai kilas ya koya mata. Ta koya mata: ++ gaban sunan akuya, ta haihu. Alamar ragi gaban suna, a kai ta gida na gaba. Alamar motsin rai kuma tambaya ce: wannan dabbar ba ta taɓa kawo komai ba?

Ranar da Jar Kunne, akuyar da ke hannun Rahinatu bazawara, ta yi haihuwar fari, Hamdiya ta tafi bikin suna a Tagriss, ta bar min na'urar. Tagwaye ne. Ni kuwa mai ilimi, na danna ++ ga ɗan fari, na sake dannawa ga ƙaninsa. Na'ura ta ce haihuwa biyu ta cika. Da hantsi matar Harouna, wadda ke biye a layi, ta iso da igiya.

Rahinatu ta rungume wuyan akuya, ihunta har tasha. "Ɗiyan ko tsayuwa ba su iya ba! Wa zai ba su nono, ke?"

"Na'ura ta faɗa," in ji matar Harouna.

"To na'urar ta zo ta kwance ta da kanta!"

Inna Uwale ta rantse in Hamdiya ba ta warware ba, akuya ta tafi, a kuma koma ga ƙullin igiya.

Da la'asar Hamdiya ta sauko daga mota, ko mayafi ba ta cire ba ta buɗe na'urar. Ta nuna wa Inna cewa ++ haihuwa take ƙirgawa, ba kawunan ɗiya ba. Ta goge ɗaya, ta ƙara sharaɗi: akuyar da aka danna wa ++, ba za ta sake karɓa ba sai bayan wata biyar. Jar Kunne ta zauna gidan Rahinatu, matar Harouna ta naɗe igiyarta tana harara ta.

Na ce, "Taubashiya, shekara uku a Maradi, na'urarki ba ta san tagwaye ba? Ko bunsurun Inna ya fi ta karatu."

Ba ta ɗago kai ba. Ta rubuta wani abu, ta juyo min da allon.

"Ɗangoggo, na shigar da kai cikin garken. Na sa alamar motsin rai gaban sunanka, ta ce gaskiya ne. Yanzu ta ragin nake son sawa, gidan da zai karɓe ka ne na rasa."