Malam Munkaila da Ragowar Kaset

Shekara talatin da huɗu, da an sallame sallar asuba Malam Munkaila zai rataya jakar kayan aikinsa ya nufi eriyar da ke kai hoton talabijin gidajen Dogon Dutsi da ƙauyukanta. Ya duba wayoyi, ya saurari kukan injin, ya rubuta abin da ya gani, sannan ya sauko ya karya kumallo. Masu kallo ba su san sunansa ba. In hoto ya ɗauke ne kawai ake tuna akwai wani mutum a can.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Shi ya kafa ƙungiyar masu gyara da ɗaukar hoton talabijin da fim ta Arewa, su bakwai a lokacin, yau sun haura sittin. Doka ɗaya ya kafe a kanta: ba a goge ragowa, wato abin da aka ɗauka amma bai shiga shiri ba. Samarin ƙungiya, masu goge katin kamara kowane mako, suna kiran ɗakin da yake jibge tsoffin kaset ɗin da suna juji.

"Baba, wagga shara taka, ko gara ta ƙi ta," in ji Jibrilla, magatakardan ƙungiya.

"Ku bar mini shara ta," shi ne iyakar amsarsa.

Bara, ana saura kaɗan damina ta faɗi, wata mata ta yi sallama a ƙofar ɗakin nan. Sahura ce daga wani ƙauye kusa da Geceme, mijinta Rabo ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar da gona ɗaya. Ƙanen mijin, Ɗan'azumi, ya ce kwarin gonar aro ne ya ba marigayi, zai karɓi abinsa kafin shuka. Kwarin kuwa shi ke ba da hatsi, sauran duk tudu ne. Dattawan da suka shaida rabon sun mutu. Mai gari ya ba ta kwana bakwai ta kawo shaida.

"Malam, an ce ku kuka zo ɗaukar masu gina tassa a gonarmu, shekara ashirin ke nan. Ranar su biyu, mijina da ƙanensa, suka nuna muku iyaka. Ni na kai muku hura."

Malam Munkaila ya tuna aikin, don shi ya riƙe kamara ranar: shiri ne kan tassa, ramukan da manoma ke haƙawa don tare ruwan sama. Minti uku kacal aka nuna a talabijin. Ya shiga ɗaki, ya kwashe kwali goma sha ɗaya kafin ya sami kaset ɗin. Da ya ɗaga murfin sai ya ga fumfuna ta yi wa zaren fari fat.

Jibrilla ya miƙa hannu. "Kawo mu sa a inji mu gani."

"Kul! Ka sa shi haka, injin ya tsinke shi, ka tsinke gonar marayu."

Kwana huɗu ya yi zaune a inuwar zaure, yana warware zaren da yatsa, taƙi bayan taƙi, yana sharewa da auduga. Sau biyu ya tsinke, sau biyu ya liƙe. Ran na biyar ya kunna. Farko sai yayyafin fari da baƙi. Can hoto ya tsaya: ga Rabo da fartanya a kafaɗa, ga Ɗan'azumi kusa da shi yana dariya. Sahura ta dafe bango, domin tun rasuwarsa ba ta sake jin muryarsa ba.

Ran na bakwai, da hantsi, suka ɗora talabijin da batir a amalanke har ƙofar mai gari. Aka kunna. A cikin hoton, Ɗan'azumi da bakinsa, yana nuni da hannu: "Daga wanga gawo har kwari, na yaya ne. Nawa daga nan ya yi gabas."

Aka sake kunnawa. Ɗan'azumi bai ɗaga kai ba. Da ya buɗe baki, ba gonar ya ambata ba.

"Malam, a maido inda yaya ke dariya."

Aka maido. Ya rufe fuska da hularsa. Ruwan farko, shi ya riƙe wa Sahura sungumi a kwarin.

Kai ne, Malam Munkaila, wanda bai taɓa fitowa a hoton da ya ɗauka ba. Kai ne ka riƙe abin da kowa ya ce a zubar, har ranar da mai shi ta zo nema. Mai kunnen injin, mai haƙurin zare. Ko da aka tambaye ka, cewa ka yi aikinka ka yi.

Jiya ya miƙa wa Jibrilla makullin ɗakin. Jibrilla ya karɓa da hannu biyu, kuma ba wanda ya sake jin kalmar juji a bakinsa.

Mun gode, Malam. Allah ya sa hutu da lafiya, ya saka maka da alheri. Ku kuma masu kamara na Dutsi da Tibiri, kafin yatsa ya kai ga gogewa, ku tuna kwarin Sahura, wanda bana ma geronsa ya fi mutum tsawo.