Ranar da na shiga shanyar tsohuwa da keke

Shekarun baya, ba da daɗewa ba bayan mun tashi daga Gwallaga mun koma Tirwun, na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da ɗaya. A wata firamare ake yin ajin, can wani ƙauye gaba da mu, bayan yara sun tashi. Abin hawa bai cika bin hanyar da rana ba, sai ka tsaya har karatu ya wuce.

Maƙwabciyata, wata ma'aikaciyar jinya daga kudancin jihar nan, ita ta ce in koyi keke. Ba mai ƙafa uku ba, na feda. A garinsu mata da shi suke zuwa gona da coci, ba wanda yake ɗaga kai ya dube su. A bayan gidanta ta koya mini, tana riƙe da sirdi tana cewa in daina kallon taya, in kalli gaba. Na faɗi a kan yakuwarta sau biyu. A mako na uku na iya.

Mijina bai hana ba, bai kuma so ba. Akwai tsohon keken mahaifinsa a rataye a zaure, ya sauko da shi ya ce: "Ranar da aka kawo mini ƙararki a kan keken nan, ranar zai koma inda yake." Na ce na ji. Mu duka mun san idan keken ya koma bango, karatun ma ya koma.

Hanyar kuwa, ban taɓa hawa irinta ba. Sabuwar kwalta ce baƙa wuluk, ba rami, ba faci. A Gwallaga na tashi, inda idan ka yi taku uku sai ɗan acaɓa ya goge ka. A nan sai in yi tafiya mai tsawo ban haɗu da kowa ba sai awaki da mai itace. Ba abin da kake ji sai ƙarar sarƙa da shuuu ɗin taya. Bayan kwalbati na biyu akwai gangara mai sauƙi, nan nake sakin feda, in cusa bakin hijabi a ƙarƙashin cinya don kada taya ya kama, in bar keke ya tafi da kansa. A wannan gangarar na haddace lissafin sau bakwai da sau takwas.

Da kaka ta yi, matan ƙauyen suka fara shanya a gefen kwalta: barkono, rogo, shinkafa. Sukan jera duwatsu a bakin shanyar don mai wucewa ya kauce. Na san wannan sarai, kullum ina ganinsu.

Ranar da abin ya faru muna da gwajin lissafi. Na sako gangara, bakina yana ta sau tara, idona a buɗe amma ba ya ganin komai. Tayar gaba ta daki dutse, na matse birki, birkin ma dama na jeka-na-yi-ka ne. Na faɗa tsakiyar shinkafar da aka turara aka baza. Wanda bai taɓa taka shinkafa a kan kwalta mai santsi ba, ba zai gane ba. Keke ya yi gabas, ni na yi yamma, shinkafa ta watse har cikin lambatu, ta gauraye da tsakuwa da kashin awaki.

Mai shanyar tsohuwa ce, ta fito daga inuwar ɗorawa da sanda a hannu. Ba ta tambayi ko na ji ciwo ba. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce ai ta san ni, matar mai gyaran rediyon nan ce ta Tirwun, kuma gobe da safe za ta je ta ga mijina.

Ni kuma bakina ba ya jira. Gwiwata tana jini, na miƙe na ce mata gwamnati ba don shanya ta shimfiɗa kwalta ba, hanya ta matafiya ce, idan tana son wurin shanya ta je ta share tsakar gidanta. Na ƙara da wasu maganganun da ba zan rubuta a nan ba.

Ta bari na gama. Sannan ta nuna inda nake tsaye da sandarta.

"'Yar nan, nan da kike tsaye falalen dutse ne. A kansa uwata ta yi shanya, a kansa na yi. Masu hanya suka zo suka fasa shi, suka niƙa, suka zuba a ƙarƙashin baƙin abin nan. To ni a kan dutsena nake shanya. Ke ce baƙuwa."

Na ce ta ba ni tsintsiya. Ta aika aka kawo tsintsiya da faifai biyu. Na tattara, na sheƙe, na zauna a gefen titi ina tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Tana zaune tana duba aikina, idan ta ga tsakuwa sai ta turo mini faifan da ƙafa. Har aka kira la'asar muna nan. Gwaji ya wuce. Na tura keken zuwa gida saboda kan keken ya karkace, na ce wa mijina na faɗi, ban ce a kan me ba.

Washegari da hantsi na ji sallamarta a ƙofar gida. Na tsaya bayan ƙyauren zaure ina saurare. Ta miƙa wa mijina littafina na lissafi da na manta a lambatu. Sannan ta ba shi labari kaf, ba ta rage ko ɗaya daga cikin maganganuna ba, har waɗanda na ce ba zan rubuta ba. Ta ce matarsa ba ta da kunya, kuma ya kamata ya sani. Na riga na fara kallon ƙusar da keken zai koma.

Mijina ya ba ta haƙuri, ya ce daga yau an gama hawan keke.

Ta ce: "A'a, Malam, ba wannan ya kawo ni ba. Masu babur suna taka mini shanya kowane mako, ba wanda ya taɓa waiwayowa. Ita ta zauna har la'asar. Bakinta za ka gyara, da birkin. Keken ka bar mata."

Da yamma na ga mijina ya juya keken a tsakar gida, ya miƙar da kan, ya sa sabuwar robar birki. Baki kuwa ya san ba aikinsa ba ne. Malamar ajinmu ta bar ni na yi gwajin ni kaɗai mako na gaba, na ci, amma na faɗi tambayar sau tara.

Na yi shekara uku ina bin hanyar nan har na karɓi takardata. Ni da tsohuwar ba mu zama ƙawaye ba. Idan na zo daidai ɗorawar nakan sauka in tura keken, in ce "Inna, sannu da rana," ta ɗaga sanda, shi ke nan. Wata kakar na zo ban gan ta ba, surukarta ce take gadin shanyar.

Yanzu hanyar ta fara ramuka, motocin yashi sun gano ta. Nakan ji masu keken tsere suna yabon wata sabuwa can gaba, wai sumul take, ba kowa a kanta. Ba na musu da su. Ni dai tun daga ranar ban sake ganin hanya na ce ba kowa ba. Idan na hango duwatsu a jere a gefen kwalta, hannuna yana kai wa birki kafin in yi tunani.