Sharuɗɗa Biyu Da Na Soke Saboda Kunya

A lokacin ina sabon barin aikin koyarwa a Jega, kuɗin sallamata na hannu, ina ji da kaina wai na san duniya. Surukina yana da rumbunan ajiyar albasa a Aliero, yana neman jarin faɗaɗa su. Muka shirya in ba shi kuɗin, bayan shekara uku in zaɓa: ko in karɓi abina, ko a mayar mini da shi kaso ɗaya cikin biyar na sana'ar. Ƙanwata da ke aikin banki ta rubuta takardar, ta ƙara sharuɗɗa biyu: kada a shigo da sabon abokin tarayya sai da yardata, kuma in an shigo da shi, kasona ba zai ragu ba. Ta ce kasuwa ba ta zama wuri ɗaya, waɗannan su ne kariyata.

Ranar sa hannu, a gaban shaidu, surukina ya ji an karanto su, ya yi murmushi, ya tambaya ko 'yar da ya ba ni da sharaɗi ya ba ni ita. Kunya ta rufe ni. Na karɓi biro na ja musu layi na soke su, har ina ba da haƙuri.

Kafin wa'adin ya cika, naira ta faɗi, komai ya yi tsada, ya shigo da 'yan kasuwa uku daga Maiyama ba tare da ya tuntuɓe ni ba. Ba laifi ya yi ba, takarda ba ta hana shi ba. Da na zo zaɓe, kuɗina ba su sayen rabin abin da suke saye da, kason kuma ya koma ɗan ƙanƙani. Na yi baƙin ciki ƙwarai, na yi mako ban iya cin abincin kirki ba. Daga baya na ɗauki kason haka nan. Alhamdulillahi yana ciyar da gidana, zumuncinmu kuma bai taɓu ba.

Abin da na koya shi ne, ba don mugun mutum ake rubuta sharaɗi ba, don juyin kasuwa ake yi, wanda ke matsa wa na kirki ma. 'Yan'uwa, kada ku goge kariyarku don ganin ido. Yanzu duk inda aka kira ni shaida, da ƙarfi nake karanto sharuɗɗan. Wanda na ga ya fara sunkuyar da kai, nakan ce masa ya bar sharuɗɗan yadda suke ya sa hannu kawai, ni na riga na biya mana kuɗin wannan kunyar.