Matajin Kowa da Sunanta

'Yan uwa, yau mataji ya kusa rufe mini shago!

Ƙamshin turaren wuta ya cika ɗaki, zuciyata fes kamar safiyar damina. Kun san dabarata ta riƙe masu zuwa kitso: kowace sabuwa ina ware mata mataji, in sa a leda da sunanta, in ajiye a akwati har ta dawo.

Sai ga wata dattijuwa, wai daga Bukkuyum take. Na ce, "Maraba, Inna. Ya sunanki?"

Ta leƙa akwatin. Sunaye reras, ga silin gashi maƙale a wasu matazan!

Ta daka mini tsawa: "Ke ɗiyar ga! Suna da gashi wuri guda? Wane boka kike tara wa?"

Na ce, "Wallahi don tsabta ne, Inna."

"Tsabtar banza!"

Shago ya kaure! Maman Hanifa, wadda nake yi wa kitso, ta miƙe da rabin kai a tsefe, ta fizge ledarta. "Ashe shi ya sa kaina ke ciwo!" Sauran matan suka bi ta, kowa da matajinta.

Aka bar ni da hawaye da hayaƙin turare.

Sai bayan la'asar na ji: ba 'yar Bukkuyum ba ce. Uwar mai shagon kitson tsallaken titi ce.