Tsohon Da Ya Nemi Ɗorawa Biyu

A gonar gwaji da ke bayan garin Bawku, Taslima malamar gona tana koya wa manoma dasa itatuwa cikin gero. Kowa yana da abokin hira, ban da wani tsoho mai faci a gwiwar wando, wanda ke tsaye can gefe riƙe da kekensa. Ba ta san sunansa ba. Jikinta dai yana ba ta 'ya'yansa sun daɗe a Kumasi.

Tana miƙa masa dashen ɗorawa, sai ya ce, "'Yata, shekara nawa kafin a sha garinta?"

"Kamar takwas, Baba."

Ya shafa ganyen da yatsa. Can ya ce, "To, ƙaro mini ɗaya, kada ta tsaya ita kaɗai."